ADANA GIDAN SHUGABA A MATSAYIN WURIN TARIHI: MISALI DAGA GIDAN MAMBAYYA NA KANO

1.0 GABATARWA

Kowace al'umma takan ware wasu abubuwa daga cikin abin da magabata suka bar mata, ta ɗauke su a matsayin amana wadda ba a sayarwa, ba a kuma bari ta salwanta. A ƙasar Hausa abin da ya fi samun irin wannan kulawa shi ne magana da rubutu, watau waƙoƙi da kirari da labaran sarakuna da littattafan malamai. Gini kuwa bai cika samun wannan gata ba, domin galibi da zarar mai gida ya kwanta dama, sai a raba gidan gado, ko a sayar, ko a rushe a yi wani sabo a gurbinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda ake mayar da gidan wani shugaba da ya shuɗe ya zama wurin tarihi mai kariya. Za a dubi matsayin gida a tunanin Bahaushe, da hanyoyin da ake bi wajen kare irin waɗannan gidaje a Nijeriya, sa'an nan a tsaya a kan Gidan Mambayya, watau gidan marigayi Malam Aminu Kano da ke unguwar Gwammaja, domin shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Daga ƙarshe za a waiwayi ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano, don a ga darasin da ke cikin al'amarin ga garuruwan da ke nesa da birni.

2.0 GIDA, KANGO DA KUFAI

Kalmar "gida" a Hausa ba ta tsaya ga gini kaɗai ba. Idan aka ce wane ɗan gidan wane ne, ko aka ce wannan sana'a ta gidansu ce, ana nufin zuriya da tarbiyya da sunan da aka gada. Saboda haka mutanen da ke ciki su ne gidan, ginin kuwa matattararsu ce. Wannan ne ya sa harshen ya tanadi kalmomi na daban ga ginin da mutane suka fice daga cikinsa. Gidan da aka bari babu kowa shi ne "kango", garin da aka tashi daga cikinsa kuwa shi ne "kufai". Duka kalmomin biyu suna ɗauke da ma'anar kaɗaici da tsoro, har ma akan ce nan ne matattarar aljanu da macizai.

A nan ne matsalar farko take. Abin da ake kira adana gidan shugaba shi ne a riƙe gini bayan mai shi ya tafi, a hana shi sauya kama, amma kuma a hana shi zama kango. Wannan wani matsayi ne na uku wanda al'ada ba ta yi masa suna ba, shi ya sa muke ta kewaye-kewaye da jimloli irin su "gidan tarihi" ko "gidan adana kayan tarihi".

Tsarin ginin kansa yana da abin faɗa. Gidan babban mutum a ƙasar Hausa yakan fara da zaure, inda kowa ke da ikon shiga ya yi gaisuwa ko ya kawo kuka. Daga nan sai ƙofar gida da shigifa, inda na jiki ke isa, sa'an nan turakar mai gida da sassan iyali. Wanda ya san wannan tsari, idan ya shiga gidan shugaba, zai iya karanta irin zaman da ya yi da jama'a: girman zauren, da yawan ƙofofin da ake ratsawa kafin a gan shi, da irin shimfiɗar da baƙo ke zama a kai. Littafi zai iya cewa wane mai sauƙin kai ne, amma gani ya kori ji.

3.0 HANYOYI UKU NA KARIYA

3.1 Hanyar al'ada da addini

Tun kafin zuwan Turawa akwai gidan shugaba da aka adana a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato a shekarar 1817, aka binne shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare, wanda har yau jama'a ke ziyarta daga sassa daban-daban na Afirka ta Yamma. Haka kuma akwai hubbaren ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837. Babu wata takardar gwamnati da ta fara kare waɗannan wurare. Abin da ya kare su shi ne girman waɗanda ke kwance a cikinsu, da kuma masu hidima da suka gaji kula da su.

Shari'a ma ta tanadi ƙofa ga wannan, ita ce ƙofar hubusi ko waƙafi, inda mutum ke tsare wata dukiya tasa don amfanin jama'a, ta yadda ba za a sayar da ita ko a raba ta gado ba. Idan mutum bai yi haka da ransa ba, wasiyyarsa ba ta wuce sulusin dukiya, sauran kuwa hakkin magada ne. Ke nan duk wanda ke son a adana gidan wani shugaba, tilas ne ya fara da magada, ko dai su bayar da yardarsu ko kuwa a biya su diyya cikakkiya. Adanar da aka gina bisa tauye hakkin marayu da zawarawa ba ta da albarka, kuma ba ta ɗorewa.

3.2 Hanyar doka

Dokar farko mai cikakken tsari a kan kayan tarihi a Nijeriya an kafa ta ne a 1953, ita ce ta samar da Hukumar Kayan Tarihi ta wancan lokaci. Yana da kyau a lura cewa daga cikin gine-ginen farko da aka ayyana a ƙarƙashinta akwai gida, watau Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka ayyana a 1956. Gidan Makama na Kano ya biyo baya a 1959. A shekarar 1979 aka kafa Doka ta 77, wadda ta haifar da Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A bisa wannan doka, hukumar ce ke gabatar da wurin da ta ga ya cancanta, a buga sanarwa a jaridar gwamnati, a ba mai wurin damar kawo ƙorafi, sa'an nan a ayyana. Da zarar an ayyana, rushe wurin ko sauya masa kama ba da izini ba ya zama laifi.

Sai dai ma'anar da dokar ta ba kayan tarihi ta karkata ne ga abubuwan da aka yi kafin 1918, da waɗanda ake amfani da su a bukukuwan gargajiya. Gidajen shugabannin da suka yi gwagwarmayar neman mulkin kai kuwa akasari ba su kai wannan shekaru ba, galibinsu ma ba su da wani ado na gini da zai ja hankalin masana fasaha. Darajarsu tana cikin abin da ya faru a cikinsu ne. Duk da haka ƙofar ba a rufe take ba, domin kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wanda aka kammala gininsa a 1979, yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kuma ana nuna wasu kayayyakinsa a wurin.

3.3 Hanyar damƙa wa cibiyar ilimi

Hanya ta uku ita ce a damƙa gidan ga jami'a ta mayar da shi wurin bincike. Misalin farko shi ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da ke Titin Rabah a Kaduna, inda aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka kafa cibiyar tattara tarihin Arewa a harabar, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, daga baya kuma ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan shi ne Gidan Arewa. Amfanin wannan hanya a fili yake: gidan yana samun ma'aikata da kasafin kuɗi da masu shiga da fita kullum, don haka ba ya zama kango.

4.0 GIDAN MAMBAYYA

An haifi Malam Aminu Kano a 1920 a birnin Kano. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi da Kwalejin Horon Malamai ta Maru, sa'an nan ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya na Sadarwa, daga bisani na Lafiya, a zamanin Janar Yakubu Gowon. A 1978 ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP, ya tsaya mata takarar shugaban ƙasa a 1979, zaɓen da jam'iyyar ta ci kujerun gwamna a jihohin Kano da Kaduna. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, aka binne shi a cikin gidansa na Gwammaja. Sunan Mambayya da gidan ke amsawa laƙabin mahaifiyarsa ne.

Malam bai taɓa zama shugaban ƙasa ko gwamna ba, amma jagora ne na ƙasa baki ɗaya, kuma gidansa ya yi aikin da fada ke yi wa sarki. A nan talakawa ke kawo kukansu, a nan ake shawarar jam'iyya, a nan kuma yake karantar da tafsiri. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin 'yan doka, bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Don haka ƙanƙantar gidan da rashin ƙawarsa su ne babbar hujjar da gidan ke riƙe da ita.

Bayan rasuwarsa gidan ya bi ta hannuwa da dama. Gwamnatin Tarayya ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa Cibiyar Nazarin Dimokuraɗiyya a 1989, aka haɗa gidan da wannan cibiya, aka kuma yi sababbin gine-gine a kewayensa. Da aka rushe cibiyar a 1996, sai makomar wurin ta shiga halin rashin tabbas, har zuwa 1999 lokacin da gwamnati ta miƙa shi ga Jami'ar Bayero. A shekarar 2000 jami'ar ta buɗe cibiyar bincike da horarwa kan dimokuraɗiyya a wurin, Farfesa Attahiru Jega ne darektanta na farko. A yau akwai sashen adana kayayyakin Malam, da ɗakin karatu, da masaukin baƙi, da babban zauren taro mai ɗauke da sunan Malam Sa'adu Zungur, kuma kowace shekara akan yi taron tunawa da shi a watan Afrilu.

Akwai darussa biyu a cikin wannan tarihi. Na farko, cibiyar da gwamnati ɗaya ta kafa, wata gwamnati tana iya rushe ta da sa hannu ɗaya, kamar yadda ya faru a 1996. Gidan ya tsira ne saboda an sami mai karɓarsa wanda rayuwarsa ba ta rataya a wuyan gwamnati ɗaya ba. Na biyu, aikin da aka ba gidan ya dace da mai gidan. Wurin da aka saba muhawara kan hakkin talaka ya ci gaba da zama wurin muhawara, ƙungiyoyi da ɗalibai da 'yan siyasa suna taruwa a cikinsa. Da an mayar da shi ofishin wata ma'aikata, da ginin ya tsira amma ma'anarsa ta ɓace.

5.0 MATSALOLIN ADANAWA

5.1 Gyara da ƙawatawa

Babban haɗarin da ke fuskantar gidan shugaba mai sauƙin rayuwa shi ne ƙaunar masoyansa. Mai son girmama shi yakan ga bai dace a bar ɗakinsa da tsohon daɓe da tsohuwar ƙofa ba, sai ya kawo tayil da gilashi da fenti mai ƙyalli. Da an yi haka, an shafe shaidar da aka zo adanawa. Masana adana gine-gine sun yi ittifaƙi a taronsu na birnin Benis na ƙasar Italiya a 1964 cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya kasance ana iya bambanta shi da na asali. A Gwammaja wannan yana nufin manyan gine-ginen da aka ƙara su zauna a matsayin masu hidima ga tsohon gidan, kada su danne shi har baƙo ya zo taro ya tafi bai san inda Malam ya kwana ba.

5.2 Takardu da muryoyi

Bango ba ya magana sai an sami mai fassara shi. Abin da ke raya gidan tarihi shi ne wasiƙu da takardun jam'iyya da hotuna da kaset-kaset. Malam Aminu marubuci ne, ya rubuta wasannin kwaikwayo da littattafai irin su Motsi Ya Fi Zama da tarihin rayuwar Sa'adu Zungur. Zamanin NEPU kuma ya haifar da waƙoƙin siyasa masu yawa, cikin boko da ajami, na mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja. Takarda tana da abokan gaba a ƙasarmu: gara da laima da ƙurar hunturu da zafi. Zaren kaset shi ma yana lalacewa da daɗewa. Ɗaukar hoton takardu da juyar da muryoyi zuwa kwamfuta aiki ne da ba ya jiran gobe, haka ma tattara bayanai daga bakin dattawan da suka ga zamanin, domin kullum raguwa suke yi.

5.3 Tarihin wa za a faɗa?

Gidan tarihi da ya zama wurin yabo kawai ba ya ilimantarwa. Jam'iyyar PRP ta dare gida biyu tun a farkon shekarun 1980, aka sami 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan santsi da suka bi gwamnonin nan biyu, Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa. Waɗannan kalmomi biyu kansu abin nazari ne ga mai sha'awar harshen siyasa. Wajibi ne mai ziyara ya tarar da labarin wannan saɓani, da ra'ayin abokan hamayya na NPC, da rawar da mata irin su Hajiya Gambo Sawaba suka taka. Jami'a ta fi kowa cancantar riƙe wannan amana, tun da aikinta bincike ne. Haka kuma ya kamata a kiyaye gidan daga zama mallakar wata jam'iyya ta yau, ko da kuwa tana da'awar gadon mai gidan.

5.4 Kabari a cikin gida

Kasancewar kabarin Malam a cikin gidan ya ƙara masa kariya, domin babu mai tunanin sayar da shi. Amma kuma yana buƙatar lura, saboda malamai sun yi gargaɗi game da wuce iyaka wajen girmama kaburbura. Mafita ita ce a bar kabari a matsayinsa na wurin yi wa mamaci addu'a da tuna lahira, a ware shi daga sashen nune-nune.

6.0 ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

Gidan George Washington, shugaban Amurka na farko, ya kusa lalacewa bayan rasuwarsa, kuma gwamnati ba ta saye shi ba. Wata ƙungiyar mata ce ta tara gudummawa daga jama'a ta saye shi a 1858, kuma ita ke riƙe da shi har yau. A Afirka ta Kudu, ɗan ƙaramin gidan da Nelson Mandela ya zauna a Soweto tun daga 1946 ya zama gidan tarihi, aka ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1999. Misali na farko yana nuna cewa jama'a na iya yin abin da hukuma ta kasa, na biyu kuma yana nuna cewa ƙanƙantar gida ba ta rage masa daraja.

7.0 DARASI GA KUDANCIN KANO

Mai karatu da ke Badafi a ƙasar Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, zai iya cewa wannan magana ta mutanen birni ce. Amma yankin yana da nasa rabon. Tsohon masallacin Bebeji, wanda ake kira Masallacin Haɓe, yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. A Bebeji ne rundunar Kanar Morland ta fara gamuwa da turjiya a kan hanyarta daga Zariya, ta fasa ƙofar garin da igwa, kafin ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. A Bebeji kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ban da waɗannan, siyasar NEPU da PRP ta yi ƙarfi ne saboda manoman karkara, kuma a zaurukan ƙauyuka aka yi tarurrukanta da yawa, nan ne kuma magoya bayanta suka fi ɗanɗana ɗauri da tara.

Ginin ƙasa, na tubali da azara, yana rayuwa ne da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma ruwan sama a wannan yanki, musamman wajen Doguwa, ya fi na birnin Kano yawa. Gidan da aka bari damina biyu ko uku ba a taɓa shi ba, rufinsa zai fara yoyo, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da malaman makarantu da ɗaliban jami'a 'yan yankin za su iya farawa da shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a yi jerin tsofaffin gidaje da zauruka da masallatai na kowace gunduma, a auna su, a ɗauki hotunansu, a rubuta abin da dattawa suka sani game da su, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ko da ginin ya faɗi daga baya, bayaninsa ya tsira, kuma da irin wannan bayani ne ake neman hukuma ta ayyana wuri.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa adana gidan shugaba yana tsayawa ne a kan abubuwa huɗu: yardar magada da biyan hakkinsu, da kariyar doka, da mai riƙo wanda zai daɗe, da kuma aikin da ya dace da tarihin gidan. Gidan Mambayya ya sami mai riƙo da aikin da ya dace, shi ya sa ya kai yau, fiye da shekara 40 bayan rasuwar mai shi. Abin da ya rage ga masana shi ne su matsa a faɗaɗa ma'anar wurin tarihi a cikin doka, ta yadda za ta ƙunshi gidajen ƙarni na 20 a sarari, su kuma hanzarta tattara takardu da muryoyin zamanin kafin su salwanta. Ga masana harshe kuma akwai aikin samar da kalma guda da za ta ɗauki ma'anar gidan da mai shi ya tafi amma jama'a suka riƙe shi, domin har yanzu Hausa ba ta raɗa masa suna ba.